Buhun da Aka Tokare Ƙofa da Shi

Auta ya sunkuya zai ɗauki sifana ke nan, idonsa ya sauka a kan buhun. Yana nan a bakin ofis, an tokare ƙofa da shi don iska ta shiga. Buhun yashi ne shuɗi, an ɗinke bakinsa da igiya, an rubuta lamba ɗaya a jikinsa da jan fenti. Shi ya cika shi, shi ya ɗinke, shi ya rubuta lambar.

Ya miƙe a hankali ya dubi rumfar da suke ajiye babura. Uku ne kacal, kowanne da kwando a gefen dama, wato 'yar kujerar nan mai taya ɗaya da ake haɗa wa babur don fasinja ya zauna ya miƙe ƙafa yana kallon gari. Na biyu da na uku suna nan suna sheƙi. Gurbin na ɗaya babu komai sai ɗigon baƙin mai a siminti. Rabin awa ke nan da fitarsa.

"Yaya," in ji shi.

Keken ɗinki ya ci gaba da ƙara. Ofishin nasu rabin shagon ɗinkin yayarsa ne, ita ta matsar da kekunanta gefe guda ta ba shi wuri da ya ce zai bar walda ya fara ba masu yawon buɗe ido hayar babura.

"Yaya, wa ya fito da buhun nan?"

"Ni ce," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Jiya da nake sa wa kujeru sababbin riguna na gan shi cushe a ƙasan kwando, duk ƙura. Mutum ya zo da kwalliyarsa ya ɗora ƙafa a kan buhun yashi? Ka ma gode min, bayana har yanzu ciwo yake."

"Na sauran biyun fa?"

"Bayan nawa ne ya hana ni kaiwa kansu." Sai a lokacin ta ɗago ta ga fuskarsa. Ta ɗauke ƙafa daga keken. "Lafiya? Mene ne?"

Abin da Yaya ba ta sani ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata, shi ne babur mai kwando kama kawai yake yi da babur. Mai babur in zai sha kwana kwantar da jiki yake yi, babur ya bi shi. Wannan kuwa ba ya kwanciya, sai an murɗa kansa da ƙarfin damtse. In aka shiga kwanar dama da ɗan gudu, kwandon kuma ba kowa, tayarsa tashi take yi sama. Mai tuƙi ya firgita ya miƙar da kan babur, shi ke nan ya tafi samɓal hannun masu tahowa. Buhun yashin shi ke danne kwandon. Kuma wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne wanda ya daɗe a kan babur, don hannunsa ya riga ya haddace wani abu dabam.

To, irin wannan mutumin ne ya fita da lamba ɗaya. Dattijo ne mai farin gemu da rigar fata da ta koɗe a gwiwar hannu, shugaban wata ƙungiya ta masu zaga ƙasashe a kan babur. Ya ce mutanensa sama da ashirin za su biyo ta nan wata mai zuwa da iyalansu, shi ya riga su ne ya gwada kaya. Kwana goma sha ɗaya da buɗe shago, shi ne mutum na farko da ya shigo ba don ya ɗauki hoto ya tafi ba. Auta yana da doka, har ya rubuta ta a allo: ba mai karɓar makulli sai ya yi zagaye uku a fili tsakanin tsofaffin tayoyi. Da ya nuna masa allon, dattijon dariya ya yi.

"Ɗana, ina kan babur tun kafin a yaye ka."

Yaya ta watso wa Auta wani kallo daga bayan keke. Shi kuma ya miƙa makulli, yana lallashin zuciyarsa da cewa ai buhu yana ciki. Dattijon zai haye tsauni ne ya gangara garin da ke ɗaya gefen, ya ɗauko maiɗakinsa a tashar jirgin ƙasa da ƙarfe ɗaya. Wato kwandon wayam yake har can. A gangaren kuwa akwai wata doguwar kwana ta dama wadda ke ƙara matsewa a tsakiya, manyan motoci na hawowa ta ɗaya hannun, bayansu kuma kwazazzabo.

Duk wannan Auta ya gaya wa Yaya a tsaye, cikin jimla huɗu ko biyar, waya na manne a kunnensa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. Wa zai ji waya a aljihu, kansa cikin hular kwano?

"Ya ce zai tsaya a saman tsauni ya sha shayi ya ɗauki hotuna," in ji Yaya. Muryarta ta sauya. "Ni ya gaya wa. Ya ce yana da lokaci."

Auta ya rungumi buhun ya jefa shi cikin kwandon lamba biyu. Kafin ya tada injin, Yaya ta ja ƙofar shago ta shige kwandon, ta ɗora ƙafafu a kan buhun, almakashi har yanzu rataye a wuyanta.

"Ina za ki?"

"Inda za ka. Ja mu tafi."

Titin kasuwa a cushe yake kamar kullum. Wata motar kaya ta tsaya a tsakiyar hanya ana sauke katan-katan, masu babur na yau da kullum suna sulalewa ta gefe suna wucewa. Shi kuwa da faɗinsa kamar ƙaramar mota, dole ya tsaya. Ya danna hon har babban yatsansa ya yi zafi. Yara suka taru suna ɗaga wa Yaya hannu, wani mai shago ya ce a yi masa murmushi zai ɗauki hoto. Yaya ta zabga masa harara, mutumin ya mayar da wayarsa aljihu.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min amfanin buhun ba?" ta ce, da suka samu hanya.

"Kin taɓa tambaya?"

"In na tambaya me kake cewa? Yaya ke dai yi ɗinkinki."

Gaskiya ta faɗa. Auta mutum ne mai son a ce shi kaɗai ya san kan abu. Tun yana yaro haka yake, in ya gyara rediyo sai ya juya wa mutane baya kada a ga wayar da ya taɓa. Yau ga inda halin ya kai shi.

Suka wuce gidan mai na ƙarshe, suka fara hawa. Nan babur ya soma nishi. Auta ya sauke giya, ya murɗa totur har ƙarshe, amma tafiyar kamar ana jan su ta baya. Sai ya tuna. Lamba biyu yana da nasa buhun a ƙasan kujera, ga na lamba ɗaya ya ƙara, ga Yaya wadda ba a kiranta siririya. Wancan ya tafi ba nauyi ko kaɗan, shi kuma ya lodo na mutum uku. Ya ji kamar ya fashe da kuka. Tsayawa a sauke buhu zai ci minti biyu, ci gaba a haka zai ci fiye da haka, amma hannunsa ya ƙi sakin totur.

"Ci gaba da kiransa," ya ce.

"Ina kira. Ba sabis ma yanzu."

A saman tsauni akwai fili da 'yan rumfuna inda matafiya ke tsayawa. Tun daga nesa Auta ya ga babu lamba ɗaya a wurin. Bai kashe injin ba ya tambayi mai shayi.

"Mai farin gemu? Ya sha kofi biyu, ya ba ni labarin ƙasashe bakwai. Bai fi minti goma da tashi ba." Mai shayin ya dubi kwandon. "Naku ne wancan ma? Ai na ga yana tafiya yana ɗan karkata, na ce ko haka ake yin su."

Gangaren Auta bai san yadda ya yi shi ba. Yaya ta riƙe ƙarfen kwando da hannu biyu, leɓunanta na motsi. Kwana ta farko ta hagu ce, suka wuce. Ta biyu ma haka. Sai suka hango wata babbar mota tsaye a hannun masu hawowa, fitilunta huɗu na ƙyaftawa.

"Auta," in ji Yaya a hankali.

"Na gani."

Baƙin layin taya ya taso daga tsakiyar kwanar, ya ƙetare farin layi, ya wuce ta gaban hancin motar da abin da bai fi taku uku ba, ya ƙare a jikin shingen ƙarfe. Nan lamba ɗaya yake, tayar gaba ta lanƙwashe, fitila ta tarwatse, shingen ya loɓa waje ta wajen kwazazzabo amma bai ɓalle ba. Auta ya yi fakin a gefe. Ya kashe injin ya sauka.

Dattijon na zaune a kan wani dutsen siminti a bakin hanya, hular kwano a gefensa. Wandonsa ya yage a gwiwa, bayan hannunsa na jini kaɗan. Direban motar na tsaye kusa da shi da gorar ruwa.

"Naku ne?" in ji direban. "Ku gode wa Allah da kaya na ɗauko, a hankali nake hawa. Da ba kaya a motar nan, da wani zancen ake yi." Ya ajiye wa dattijon gorar, ya koma motarsa yana girgiza kai.

Auta ya durƙusa a gabansa. "Baba, sannu. Ina ne ke ciwo? Mu tafi asibiti."

"Ba inda ya karye, na duba." Dattijon bai kalle shi ba. Muryar nan da ta cika shago da safe ta koma ƙarama. "Ɗana, na ɓata maka babur. Ka yi haƙuri. Duk abin da ya lalace a wuyana yake."

"Baba, bar zancen babur."

"Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ƙetare farin layin nan ba. Ko cikin ruwan sama, ko da barci a idona." Ya ɗaga hannuwansa yana kallonsu, suna rawa. "Na shiga kwanar daidai, ban yi gudu ba. Kawai na ga kwandon ya taso min, hannun nan kuma ya yi abin da ya ga dama. 'Ya'yana sun daɗe suna faɗa, suna cewa Baba ka ajiye makulli haka nan. Ina yi musu faɗa. Ashe su suka fi ni gani."

Auta ya waiga. Yaya ba ta fito daga kwando ba. Ya ga ta jawo gefen doguwar rigarta ta rufe buhun da ke ƙarƙashin ƙafafunta, ta kuma kawar da kai.

"Maiɗakina aka yi wa aiki a ƙugu bara," in ji dattijon. "Ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau baya kuma. Shekara talatin tana bayana, duk inda na je. Tun da aka sallamo ta ba ta ce min komai ba, amma hularta tana nan a kan durowa, kullum sai ta goge ta. Da na ga hoton kayanku na ce mata, na samo mana dabara, hawo jirgi ki same ni." Ya share gemu da bayan hannu, jini ya ɗan taɓa farin gashin. "Dubi abin da na so in saka ta a ciki. Da na kashe ta."

"Baba…"

"Maganar ƙungiya kuwa kada ka damu. Zan gaya musu kayanka lafiya lau suke, walda mai kyau, ko gezau kwandon bai yi ba. Mai tuƙin ne ya tsufa. Za su zo."

Auta ya ji maganar ta shige shi har ciki. Za su zo. Mutum ashirin da wani abu, hayar kwana huɗu, abin da ya kwana yana mafarkinsa tun ranar da ya fara yanka ƙarfen kwando na farko. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Shiru kawai zai yi, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya kira motar da za ta ja babur. Dattijon bai san da wani buhu ba, ba kuma zai taɓa sani ba.

Dattijon ya zaro waya, ya yi ta ƙoƙarin latsawa, yatsansa na zamewa. "Nan akwai sabis kuwa. Bari in ce mata ta nemi tasi ta wuce masauki. In gaya mata an gama." Ya sake gwadawa, ya kasa. Ya ɗaga wayar wajen Yaya. "'Yata, zo ki latsa min. Hannun ya ƙi."

Yaya ba ta motsa ba. In ta tashi, buhu a fili yake, shuɗi da jar lamba ɗaya, daidai da lambar da ke jikin kwandon da ke manne da shinge.

Auta ya miƙe ya je wurinta. "Yaya, tashi."

"Ka san abin da kake yi?" ta ce ƙasa-ƙasa. Idonta ya cika da hawaye. "Ni ba don kaina ba. Wata tara kana ƙona hannunka a kan abin nan."

"Na sani. Tashi."

Ta dube shi, ta dubi tsohon da ke riƙe da waya a sama yana jira. Ta fito. Ita ma ta kama kunnen buhun ɗaya, duk da bayan nata, suka kawo shi suka dire a gaban dattijon. Ƙura ta ɗan tashi.

"Baba, ba hannunka ba ne," in ji Auta. "Wannan ya kamata ya kasance a cikin kwandonka. Shi ke hana tayar tashi in ba fasinja. Ka fita ba shi."

"Ni na cire shi," in ji Yaya. "Ƙofa na tokare da shi."

"Ba ta san amfaninsa ba, don ban gaya mata ba. Ban kuma duba ba kafin ka fita. Zagayen nan uku da na ce ka yi, don ka ji yadda tayar ke tashi ne a fili, inda ba mota, ka koyi abin da ake yi. Na san haka, na ba ka makulli, don ina tsoron ka tafi wani wuri. Kowa aka ba babur ɗin nan a haka zai iya ƙetare layin, ko ɗan shekara ashirin ne."

Dattijon ya sauke wayar. Ya daɗe yana kallon buhun. Ya sa ƙafa ya taɓa shi, ya ji nauyinsa. Motoci biyu suka wuce, masu ciki suna leƙe. Auta ya ga rawar hannun ta ragu, ya kuma ga fuskar tana ɗaurewa.

"Wato ka san abin nan yana kisa," in ji dattijon, "ka bar ni na tafi."

"E, Baba."

"Don kada ciniki ya wuce ka."

"E."

"Ni ma da bakina na ƙi zagayen, wannan nawa ne, ba zan ɗora maka ba." Ya ɗago, idonsa jajur. "Amma mutanena ba za su zo wata mai zuwa ba. Akwai masu zuwa da jikoki. Zan gaya musu abin da ya faru yadda ya faru, da buhun da komai. Abin da suka yanke bayan nan, nasu ne."

"Daidai ne, Baba," in ji Auta. Yaya ta juya baya tana share fuska da gefen mayafi.

Dattijon ya dubi agogo. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗan yi ɗingishi, ya tsaya daidai. Ya nuna lamba biyu da haɓa.

"Wancan nasa buhun yana ciki?"

"Yana ciki."

"Ɗaga kujerar in gani."

Auta ya ɗaga. Dattijon ya leƙa, ya sa hannu ya taɓa, sannan ya gyaɗa kai.

"Saura minti talatin da biyar jirgi ya iso. Kai za ka tuƙa, ni zan shiga nan ina kallon hannunka. Akwai fili a tashar?"

"Akwai wajen ajiye motoci a baya, ba kowa da rana."

"Zagaye nawa ka ce?"

"Uku."

"Za mu gani ko uku za su ishe ni. In ban iya ba yau, kai za ka dawo da mu, ita a kwando, ni a bayanka. Gobe mu sake." Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Ya juya wajen Yaya. "Ke kuma 'yata, sai ki yi gadin wancan har mai ja ya zo."

Shiga kwandon sai da ya ba shi wuya, bai san inda ake fara sa ƙafa ba, Auta kuma bai yi gangancin kama shi ba. Da suka hau titi Auta ya duba madubi. Yaya ta ja buhun zuwa inuwar shinge ta zauna a kai, almakashi a wuya, tana neman lambar mai ja.

Kwana ta gaba ma ta dama ce. Auta ya rage gudu tun kafin ya shiga, ya zame jikinsa wajen kwando, ya murɗa kan babur da damtse. Dattijon bai kalli hanya ba, hannun kawai yake kallo. Da suka fita kwanar ya zaro wayarsa ya latsa da kansa, sau ɗaya.

"Kin kusa?" ya ce, yana toshe ɗaya kunnen saboda iska. "To, in kin sauka ki zauna a benci, kada ki tsaya a kan ƙafar nan. Zan ɗan makara, makaranta aka sa ni. Kin taho da hular?"